Wa zai ci abinci da ɗalibin da bai tafi gida ba?

Duk shekara, da an shiga mako na uku na watan Disamba, jami'o'in Turai da Amurka sukan fara watsewa. Ana gama jarrabawar ƙarshe sai akwatuna su jeru a bakin ƙofa, iyaye su zo da motoci, kowa na sallama da kowa. Bayan kwana biyu harabar ta yi tsit. An kulle ɗakin cin abinci, an rage lokacin laburare, ofisoshi sun liƙa takarda cewa sai Janairu. Amma idan dare ya yi ka ɗaga kai ka dubi ginin kwanan ɗalibai, za ka ga fitila ɗaiɗai a kunne. Masu waɗannan fitilu su ne waɗanda ba su tafi ba, kuma yawancinsu baƙi ne da suka zo karatu daga wata ƙasa. Wani kuɗin jirgi ne ya fi ƙarfinsa, wani hutun bai kai a yi doguwar tafiya ba, wani kuma tsoro yake kada ya fita a hana shi dawowa saboda wata matsalar biza.

A kan waɗannan nake magana, kuma ra'ayina a fili yake. Jami'ar da ta tura wakili har ƙasar yaro ta tallata kanta, ta ba shi gurbi, ta karɓi kuɗinsa, haƙƙi ne a kanta ta san inda zai ci abinci ranar biki da kuma wanda zai ci tare da shi. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin abu, wai begen gida ne kawai, zai wuce. Ni ban yarda ƙarami ba ne.

Ranakun da ke yi wa ɗalibin waje nauyi iri biyu ne, kuma kowace da nata ciwon. Ta farko ita ce ranar bikin masu gari. A Landan, ranar 25 ga Disamba jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya aiki, motocin bas na birni ma haka, kuma tun 2004 akwai dokar da ta hana manyan kantuna buɗewa a ranar. A Jamus ana rufe shaguna tun da rana ranar 24, ba za a sake buɗewa ba sai bayan 26. Wanda bai san haka ba, bai yi cefane tun da wuri ba, zai wuni da abin da ya rage masa a firji. Ga shi a wannan lokaci rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma. A Amurka kuwa, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce Ranar Godiya, ɗakunan cin abinci na jami'o'i da dama sukan rufe ko su rage aiki, kuma a dogon hutun hunturu akwai inda ake kulle ɗakunan kwanan ma gaba ɗaya, ko a ce wanda zai zauna ya nemi izini ya ƙara kuɗi.

Ta biyu ta fi shiga rai, ita ce ranar bikinsa shi kansa, wadda babu abin da ake rufewa dominta. Sallah ta faɗo ranar Talata, yana da lakca ƙarfe 10. Ya tashi da asuba ya sa tufafinsa mafi kyau, ya yi sallar idi a wani zauren wasanni da aka karɓa haya, ya ruga ya kama mota, ya shiga aji yana haki. Na kusa da shi bai san yau wata rana ce ba, malamin ma bai sani ba. Ɗaliba 'yar ƙasar Sin ita ma haka abin yake gare ta a jajibirin sabuwar shekararsu. A can ƙasarta ana shafe kwana 40 ana zirga-zirgar komawa gida, duk domin abincin dare ɗaya da iyali ke haɗuwa a kansa. Amma Beijin tana gaban Landan da awa 8 a lokacin hunturu, saboda haka sa'ad da iyayenta suka zauna ƙarfe 7 na dare, ita ƙarfe 11 na safe ne a wurinta, tana ɗakin gwaje-gwaje da safar hannu. Ɗan Indiya bikin Diwali yakan same shi a tsakiyar zango, ɗan Iran kuma Nauruz a watan Maris, Ba'amurken da ke karatu a Faransa ko Japan shi ma Ranar Godiyarsa ranar aiki ce kamar kowace Alhamis. Abin bai bar kowace al'umma ba.

Kuma ba 'yan tsiraru ba ne. Alƙaluman UNESCO sun nuna cewa masu karatun gaba da sakandare a wajen ƙasashensu sun tashi daga kimanin miliyan 2 a shekarar 2000 zuwa fiye da miliyan 6. Amurka kaɗai ta karɓi fiye da miliyan 1.1 a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, kuma NAFSA, ƙungiyar masu kula da harkar ɗaliban ƙasashen waje, ta ƙiyasta cewa sun zuba dala biliyan 43.8 cikin tattalin arzikin ƙasar a wannan shekara. A Birtaniya sun haura 750,000 a 2022 zuwa 2023, kuma sananne ne cewa kuɗin makarantar da baƙo ke biya yakan ninka na ɗan ƙasa sau biyu ko fiye, har jami'o'i da yawa da shi suke cike giɓin kasafinsu. Daga Janairun 2024 kuma Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da matansu ko mazajensu da 'ya'yansu, wato waɗanda a da suke da iyali a gefe yanzu su kaɗai suke zuwa. Wanda ya karɓi irin wannan kuɗi sannan ya kulle kicin ranar biki, ya yi kama da mai gidan da ya sauki baƙo, ya amshi kuɗin haya, ya kulle rumbu ya yi tafiyarsa.

Za a ce to me ya sa sai abinci? Domin biki a kowace al'umma a bakin akushi yake cika. Addu'a da ado da gaisuwa duk suna nan, amma wurin da ake zama a ga juna, a yi hira, a tuna wanda ya rasu, a yi wa yaro tsiya, wurin cin abinci ne. Masu bincike ma sun fara auna abin da kakanninmu suka sani ba tare da awo ba. Rahoton Farin Ciki na Duniya na 2025 ya keɓe babi guda kan cin abinci tare, da bayanan da kamfanin Gallup ya tattara daga ƙasashe 142, ya gano cewa masu yawan ci da wasu sun fi bayyana gamsuwa da rayuwarsu, kuma ƙarfin wannan alaƙa ya yi kusa da na kuɗin shiga da samun aiki. Rahoton ya ce a Amurka, a 2023, kusan mutum 1 cikin 4 ya ce shi kaɗai ya ci duk abincinsa na jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fitar da nata rahoton a Yunin 2025, ta ce mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici, kuma matasa ne abin ya fi shafa. To ka ɗauki matashi, ka raba shi da uwarsa da harshensa da yanayin da ya saba, ka ɗora masa nauyin kuɗin da iyali suka tara suka tura shi, sannan ka bar shi a ɗaki shi kaɗai a ranar da ya san kowa nasa yana tare. Jami'o'i suna kashe kuɗi mai yawa wajen ɗaukar masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma hakan daidai ne. Sai dai abin mamaki ne a ce akwai kuɗin jinya amma babu na tukunya ɗaya da za ta rage masu zuwa jinyar.

Akwai labarin da nake ganin ya kamata kowane shugaban jami'a ya sani. A 1909, wani ma'aikacin ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA mai suna Harry Edmonds ya gaida wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin a matattakalar laburaren Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok. Ɗalibin ya tsaya ya gode masa, ya shaida masa cewa mako uku ke nan da zuwansa birnin, kuma shi ne mutum na farko da ya yi masa magana. Abin ya tsaya wa Edmonds a rai. Shi da matarsa suka fara gayyatar ɗaliban waje gidansu ranar Lahadi, taron ya yi ta girma ya zama cin abincin dare na mako-mako, har attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya ba da kuɗi aka gina katafaren gidan ɗaliban ƙasashen duniya da aka buɗe a 1924. Daga baya aka yi irinsa a Bakili ta jihar Kalifoniya a 1930 da Shikago a 1932. Duk wannan daga gaisuwa ɗaya da faranti ya samo asali.

Tun kafin nan ma manyan makarantu sun san cewa koyar da baƙo da ciyar da shi tare suke tafiya. A Azhar ta Alƙahira, ɗaruruwan shekaru ɗaliban da suka zo daga Sham da Magrib da ƙasar Turkawa da tsibiran Jawa kowace ƙungiya tana da sashenta na zama, ana kuma raba musu gurasa daga dukiyar waƙafi. A zamaninmu, a 2013 wasu ɗaliban makarantar nazarin Asiya da Afirka ta SOAS da ke Landan, ƙarƙashin jagorancin Omar Salha, suka kafa tanti suka fara buɗa-baki a fili domin 'yan'uwansu ɗaliban waje da ke azumi su kaɗai, suka ce kowa ya zo, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Abin ya bunƙasa har ya kai dandalin Trafalgar da filin wasa na Wembley. Abin lura shi ne ɗalibai ne suka fara, ba hukumar makaranta ba. Haka yake a kusan ko'ina: abin da ya kamata ya zama tsari an bar shi ga sa'a, idan aka dace da mai zuciya a wannan shekara a ci tare, idan ya gama karatu ya tafi shi ke nan.

Na san abin da masu adawa da wannan ra'ayi ke cewa, kuma ba duka ne shirme ba. Suna cewa ɗalibin jami'a baligi ne, karatu ya zo yi, makaranta ba uwarsa ba ce. Gaskiya ne baligi ne. Amma baligin da doka ta ƙayyade masa awannin aiki, awa 20 a mako a Birtaniya lokacin zango, wanda bai san gari ba, ba shi da mota, kuma yana kwana a ginin da makarantar ce ke riƙe da makullin kicin ɗinsa, ba daidai yake da ɗan gari ba. Wanda ya riƙe makulli shi ke da alhakin buɗewa.

Suna kuma cewa idan za a rufe makaranta domin bikin kowa, to ba za a yi karatu ba. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ban ce a rufe ba. Abin da nake nema bai kai haka ba: kada a sa jarrabawa a manyan ranakun da aka san ɗaruruwan ɗalibai na biki, kuma wanda ya nemi uzurin rana ɗaya a ba shi ba tare da ya yi ta roƙo daga ofis zuwa ofis ba. Ranakun nan ba a ɓoye suke ba. Sabuwar shekarar Sinawa kullum tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu take faɗowa. Kalandar Musulunci tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma ko da ganin wata zai sa a sami bambancin kwana ɗaya, tun yanzu an san cewa a 2033 ƙaramar Sallah za ta zo sau biyu, a farkon Janairu da kuma dab da Kirsimeti. Mai tsara jadawalin jarrabawa da ke iya hango shekara biyu gaba wajen raba zaure, zai iya hango wannan. Birnin Niyok, mai tsarin makarantun gwamnati mafi girma a Amurka, ya sa Sallah biyu cikin ranakun hutunsa tun 2015, sannan sabuwar shekarar Sinawa, sannan Diwali bayan dokar 2023, kuma karatu bai rushe ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta masu cewa irin wannan taro yana sa kowa ya koma cikin 'yan ƙasarsa, a zo ƙasar mutane a kafa ƙaramar ƙasa a gefe. Wannan yana faruwa, kuma a nan ne maganata ta juya ga ɗaliban kansu.

Duk wanda ya taɓa shiga kicin ɗin ɗalibai ranar irin wannan girki ya san yadda yake. Murhu mai baki huɗu, ɗaya ya lalace. Tukwanen duk ƙanana ne, na mutum ɗaya, sai an bi ɗaki-ɗaki an aro, a dafa abu ɗaya kashi uku. An yi karo-karo tun mako guda da ya wuce, wani ya hau mota ya tafi wancan gefen gari inda aka ce akwai shagon da ke sayar da kayan ƙamshin da ake nema, ya dawo da abin da ya yi kama da shi. Wayar wani tana jingine da kwalbar mai, uwarsa na ciki tana cewa ya rage wuta, ya ƙara ruwa, a'a ba haka ake juyawa ba, hoton yana tsayawa yana dawowa. An buɗe taga duk da sanyi domin kada hayaƙi ya tada ƙararrawar gobara a fitar da kowa waje. Kujeru ba su isa ba, wasu a ƙasa, wasu a tsaye, wani yana ci a murfin tukunya. A ƙarshe abincin ba zai yi ɗanɗanon na gida ba, kuma kowa a wurin ya sani.

Ina ganin kuskuren da ɗalibai da yawa ke yi shi ne su auna wannan rana da ta gida, su ga ta gaza, su koma ɗaki da baƙin ciki fiye da yadda suka fito. Ba za ta taɓa zama ta gida ba. Ko kayan haɗin ma doka ba ta barin su shigo: Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama da kayan madara daga wajenta, Ostiraliya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi tsanani a kan abin da ke cikin jaka, abin da uwa ta ƙulle da hannunta sau da yawa a kwandon jami'an kwastam yake ƙarewa. Wanda zai yi layya a ƙasashen Turai ba zai yanka a bayan gida ba, sai ta mahautar da hukuma ta amince da ita, ko ya aika kuɗi a yi masa a wani wuri. Tunda kwafin ba zai yiwu ba, gara a daina wahalar neman sa, a riƙe abin da zai yiwu. Abin da biki ke buƙata shi ne a dafa da yawa, a kira mutane, kuma kada a tsaya kan 'yan ƙasa ɗaya. Maƙwabcin ɗaki da kuke haɗuwa a baranda kuna ɗaga wa juna kai wata shida, wannan ce ranar da za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Zai tambayi mene ne wannan, me ya sa yau, kuma a wajen ba shi amsa mutum yakan ji bikin nasa ya dawo masa sabo, domin a gida babu wanda ya taɓa tambayarsa. Idan ranar bikin maƙwabcin ta zo ya gayyace ka, ka je. Ka faɗa masa tun da wuri abin da addininka ko lafiyarka ta hana ka ci, yawancin mutane suna jin daɗin a gaya musu, ba sa jin haushi. Ƙin amsa gayyata saboda tsoron abin da za a sa a teburi yana rufe ƙofofin da ba sa sake buɗuwa.

Amma ko wannan ƙoƙari na ɗalibai yana buƙatar wuri, kuma a nan ne jami'o'i ke yin abin da ke ɓata mini rai. Sau ɗaya a shekara a shirya ranar al'adu, a rataya tutoci, a sa ɗaliban waje su yi ado su tsaya bayan tebura, mai ɗaukar hoto ya zagaya, hotunan su shiga ƙasidar tallar shekara mai zuwa. Sannan ranar da ɗaliban nan ke buƙatar zaure da babbar tukunya da gaske, a ce musu dokar kiyaye lafiya ba ta yarda ba, ko a cike fom tun mako shida kafin ranar, ko abinci sai na kamfanin da makaranta ta ba kwangila. Dokar kiyaye lafiya tana da amfani, babu mai son a yi gobara ko a ci abin da zai cutar. Amma ana iya koyar da ɗalibai biyar ka'idojin girkin taro a wuni ɗaya, a ajiye kicin guda mai manyan tukwane da za a riƙa karɓar makullinsa, a bar ɗakin cin abinci ɗaya a buɗe duk tsawon hutu, a kuma tambayi malamai da ma'aikata da mutanen unguwa wa ke da kujera ɗaya ko biyu a teburinsa. A Birtaniya an kafa ƙungiyar HOST tun 1987 domin haɗa ɗaliban waje da iyalan da za su sauke su, har da lokacin Kirsimeti, wato hanyar ba sabuwa ba ce. Kuɗin duk wannan bai kai kuɗin makarantar ɗalibai ƙalilan ba. Ofisoshin jakadanci ma suna da nasu rabon, domin jakadan da ke iya shirya liyafar ranar 'yancin ƙasa ga manyan baƙi zai iya buɗe harabarsa rana ɗaya ga 'ya'yan ƙasarsa da ke karatu a birnin.

Iyaye kuma, ina roƙonku abu biyu. Idan kun kira ranar biki, kada kiran ya zama jerin abin da yaro ya rasa, an dafa kaza an dafa kaza, kowa ya zo sai kai. Ya riga ya sani. Ku tambaye shi wa ya gayyata, ko wa ya gayyace shi, idan ya ce babu kowa ku matsa masa ya fita, idan da hali ku ƙara masa ɗan abin cefane tun kafin ranar, ku ce na baƙinsa ne. Na biyu kuwa tun kafin a biya kuɗin ajiyar gurbi ne. Muna tambayar matsayin jami'a a jerin jami'o'in duniya, muna tambayar kuɗin ɗaki da damar aiki bayan kammalawa, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi wakilin makaranta ko ana kulle ɗakunan kwana lokacin hutu, ko akwai inda ɗalibi zai ci abinci a ranakun, ko mene ne tsarinsu idan jarrabawa ta faɗo ranar idi. Ku tambaya, ku ce a ba ku amsar a rubuce. Jami'ar da ta ji wannan tambaya daga bakin iyaye ɗari a shekara guda za ta nemo amsa kafin shekara ta zagayo, domin kuɗin da take jira a hannunsu yake.